Yadda Ake Zaɓen Fitila, Ƙararrawa da Hon na Keke Don Shiga Cikin Motoci

Wanda bai taɓa zama a gaban mota da daddare ba, da wuya ya yarda da yadda mai keke yake ɓacewa a titi. Kai kana kan sirdi kana ganin komai, har fuskar direban da ke tahowa, sai zuciyarka ta ce maka tunda kana ganinsa shi ma yana ganinka. Ina! Gilashinsa ya yi ƙura, fitilar motar da ke fuskantarsa ta kashe masa ido, ga rediyo, ga gajiyar yini. Motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. A ƙiyasin da aka saba amfani da shi, kafin ido ya kai wa ƙwaƙwalwa labari har ƙafa ta sauka kan birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta wuce, wato mita 25 sun tafi motar ba ta ma fara rage gudu ba. Idan ka je sayen fitilar keke, waɗannan mitocin kake saye. Don haka duk zaɓin da za ka yi a nan gaba, ka yi shi da idon direban da ke bayanka.

Mataki na 1: Ka tantance hanyar da kake bi

Kafin ka taɓa kowane kwali, ka tuna hanyarka ta kullum daga ƙofar gida zuwa inda kake sauka. Akwai fitilun titi duk tsawonta? Akwai inda suke yankewa ka faɗa baƙin duhu? Minti nawa kake yi zuwa da dawowa? Da masu tafiya a ƙasa ka fi cuɗanya, ko da manyan motoci?

Dalilin tambayar shi ne fitilar keke aiki biyu take yi, kuma ba kowace ce ke iya duka biyun ba. Akwai fitilar a-gan-ka, wadda ke baza haske ko'ina don direba ya san da mutum a wurin. Akwai kuma fitilar ka-gani, wadda ke tattara haske ta zuba shi a kan kwalta don ka hango rami tun kafin tayar gaba ta gaya maka. Mai bin titin da ke da haske ta farkon ta ishe shi. Wanda ko da minti biyar na hanyarsa duhu ne, dole ya yi sayayya don waɗannan minti biyar ɗin.

Ka kuma duba dokar ƙasar da kake. Launi dai kusan duniya ta yi ittifaƙi a kansa: fari a gaba, ja a baya. Yarjejeniyar Viyana ta 1968 kan zirga-zirgar hanya ta zayyana wa keke birki mai ci, ƙararrawar da ake ji daga nesa, jan abu mai mayar da haske a baya, da fitila fara ko rawaya a gaba, ja a baya. Kada ka taɓa juya wannan tsarin. Jar wuta a gaba tana gaya wa direba cewa kana nisantarsa alhali kansa kake tahowa. Shuɗiya kuwa a yawancin ƙasashe ta 'yan sanda ce da motocin agaji.

Mataki na 2: Ka fara da danja

Yawancin mutane fitilar gaba suke fara saye, saboda ita suke gani tana aiki. Ni da kuɗina zai sayi guda ɗaya tak, ta baya zan fara ɗauka. Abin da ke gabanka kana da ido a kansa, za ka iya kaucewa ko ka tsaya. Na bayanka kuwa amana ce ka ba wanda ba ka sani ba.

Danja, wato jar fitilar baya, mai lumen (ma'aunin yawan haske) 20 zuwa 50 ta wadatar da dare a cikin gari. Ba ƙarfinta ne abin da ya fi damuna ba, faɗinta ne. Ka kunna ta a shagon, ka riƙe ta a tsawon hannu, ka juya ta a hankali zuwa gefe. Wata da ka karkata kaɗan sai ta zama kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Mai kyau tana nan da jan haskenta har ka kalle ta daga gefe sosai, domin murfinta ya zagayo har kuiɓi. Wannan ce za ta cece ka a shataletale da mararraba, inda mota ba ta zuwa daga baya sak.

Fitila mai faɗin fuska ta fi mai ɗigo ɗaya mai zafi, ko da lumen ɗinsu ɗaya ne, saboda ido ya fi iya auna nisan abu mai girma. Kuma idan da hali ka sa biyu. Danja mutuwar shiru take yi: ta gaba in ta ɗauke nan take za ka sani, ta baya kuwa sai ka isa gida ka tarar ka yi rabin awa kana tafe a matsayin inuwa.

Akwai masu na'urar da ke jin rage gudu su ƙara haske kamar wutar birkin mota, akwai ma masu rada, irin Varia ta kamfanin Garmin, da ke sanar da kai motar da ke tahowa tun tana nisan mita 140. Suna da amfani a doguwar hanya ta bayan gari. A cikin cunkoso kuwa, inda motar ba ta yankewa a bayanka, labarin da ka riga ka sani za ta yi ta maimaita maka.

Mataki na 3: Fitilar gaba, da yadda lamba ke ruɗin mutum

A nan aka fi cin kasuwar mutane, don haka zan ɗan zauna.

Lumen shi ne jimillar hasken da fitila ke fitarwa ta kowace fuska, har wanda ya tafi sama ya haska ganyen bishiya. Lux kuwa shi ne yawan hasken da ya sauka a kan wani wuri daga wani nisa. Kwatanta shi da ruwa: lumen bokitin ne gaba ɗaya, lux kuma abin da ya shiga bakin tulu bayan ka watsa. Fitila mai lumen 300 da madubinta ya iya tattara haske za ta nuna maka hanya fiye da mai 800 da ke watsa shi sama da ƙasa.

A matsayin ma'auni na farawa, titi mai fitilu yana son lumen 100 zuwa 300. Hanyar da haskenta ke zuwa yana yankewa, 400 zuwa 600. Duhu sosai da gudu, 800 zuwa sama. Don ka san girman abin, ƙwan fitilar mota na halojin samfurin H4 kusan lumen 1,000 yake bayarwa idan an rage wuta. Ke nan wanda ya ɗaura lumen 1,500 a kan keke ya ɗaga shi sama, ya fi motar dallare mutane, domin ita motar an yanke wa haskenta kai.

Wannan yanke kan shi ne abin da za ka nema. Ka haska fitilar a bango. Irin ta tocila za ta zana da'ira, rabin haskenta na tafiya idon masu tahowa. Wadda aka yi don titi za ta zana haske mai faɗi da layi a samansa, sama da layin duhu, ƙasa da shi haske, kamar dai ta mota. Jamus ce ta yi suna a wannan, dokarta da ake kira StVZO ta wajabta shi, tana auna hasken a nisan mita 10, ba ta karɓar ƙasa da lux 10, kuma fitilar da ta ci jarrabawar tana ɗauke da alamar layi mai lanƙwasa da harafin K da lamba. Ko ba a Jamus kake ba, ganin wannan alamar shaida ce cewa wani ya auna fitilar da gaske. A irin waɗannan, lux 30 zuwa 50 ya yi wa gari, 70 zuwa sama na duhu ne.

Na taɓa yin wannan kuskuren da kaina. Na sayi wata mai ƙarfi, na ɗaura ta tana kallon gaba sak, ina jin kaina kamar jirgin ƙasa. A wata siririyar hanya wani dattijo yana tahowa a kan nasa keken, sai na ga ya saki hannu ɗaya ya kare fuskarsa, keken ya yi tangal-tangal, ƙafarsa ta sauka a bakin kwata. Bai ce mini komai ba, tsaki kawai ya ja. A daren na gane cewa mutumin da ka makantar ba ya ganin inda kake, haske kawai yake gani, kuma idan direba ne, tan guda na ƙarfe yake tuƙowa a makance zuwa inda kake.

Abu na ƙarshe a nan: ka duba ko fitilar tana da 'yan tagogi a gefe da ke fitar da haske. Ka kuma gwada maɓallinta. Wadda sai ka ratsa yanayi bakwai, har da kashewa, kafin ka koma na farko, za ta bar ka cikin duhu a tsakiyar gangara.

Mataki na 4: Ka yi wa batir lissafi

Ba girin-girin ba, ta yi mai. Kwali zai ce lumen 5,000, awa goma, a jikin abin da bai fi babban yatsa ba. Ga yadda za ka kama shi. Batirin litiyam yana aiki a kan bolt 3.7. Idan an rubuta 2,000 mAh, wato yawan cajin da yake ɗauka, ka raba da 1,000 ka sami 2, ka ninka 2 da 3.7, ka sami wat-awa 7.4. Fitilar LED a aikace tana ba da wajen lumen 100 a kan kowane wat. Ke nan lumen 1,000 na cin kusan wat 10, batirin nan kuwa ba zai kai awa guda yana ciyar da shi ba, kusan minti 45 ne. Duk kwalin da lissafinsa ya yi nisa da wannan, ɗaya daga cikin lambobinsa ƙarya ce, wani lokacin duka biyun. Haka batirin nan mai kama da ɗan yatsa da ake kira 18650: na gaskiya bai cika wuce 3,500 mAh ba, don haka in ka ga an buga masa 9,900, ajiye shi.

Ko kamfanonin kirki akwai abin da ba sa faɗa da babbar murya. Ma'aunin FL1 da da yawansu ke bi yana ƙirga lokacin aiki har sai haske ya faɗo zuwa kashi 10 cikin 100 na farkonsa. Wato awa biyun da aka rubuta, ƙarshenta na iya zama ɗan ƙyalli. Saboda haka ka sayi wadda lokacinta ya ninka tafiyarka ta yini sau biyu, a yanayin da za ka riƙa amfani da shi, kuma gara babbar fitila da kake kunnawa a matsakaici da ƙarama da kake matsa wa a ƙarshen ƙarfinta. Sanyi ma yana rage wa batir kuzari, tsufa kuma yana cinye shi a hankali.

Wajen samun wuta, hanya uku ce. Mai caji ta USB ita ce ta yi yawa yanzu. Ka zaɓi mai bakin da ya dace da wayar cajin wayarka, da alamar da ke nuna saura nawa, ba wadda sai ta kusa mutuwa take yin ja ba. Mai batirin cirewa tana da ranarta ga wanda wutar lantarki ba ta zauna masa ba, ko mai doguwar tafiya, sai dai haskenta na dusashewa sannu a hankali har ba ka lura, kuma batirin da aka manta a ciki yakan zubo ya cinye ƙarfen.

Ta uku dinamo ce, mai samar da wuta daga juyawar taya. Wanda ya san tsohuwar mai kama da kwalba, mai gurzar gefen taya tana kuka, tana santsi in an yi ruwa, zai yi mata kallon kayan da. To ta zamani a cikin cibiyar wilin gaba take, ba ƙara, nauyinta a ƙafa kaɗan ne, tana ba da bolt 6 wat 3, wanda ya ishi LED ta gaba da ta baya. Ba caji, ba mantuwa, kuma ɓarawo ba ya zare ta da hannu tunda da kusoshi aka ɗaure. Sharaɗi ɗaya: ka tabbata fitilun suna da ma'ajiyar wuta da ke riƙe haske na 'yan mintoci bayan ka tsaya, in ba haka ba a mararraba, inda ka fi bukatarta, za ta ɗauke. Tsadarta a farko take, don sai an sake ɗinke wilin. Ga mai hawa kullum, a ganina babu kamarta.

Mataki na 5: Maɗauri da ruwa

Fitila ba ta cika mutuwa ta ƙwanta ba, ta maɗaurinta take mutuwa. Ka auna kaurin kan kekenka kafin ka fita: yawanci milimita 25.4 ne ko 31.8 a tsakiya, 22.2 wajen mariƙi. Maɗaurin roba yana hawa kowanne kuma yana cirewa da sauri, amma rana na busar da shi ya tsage, fitila mai nauyi kuma takan sunkuya duk ramin da ka faɗa. Mai kusa ya fi riƙo. Ka ɗaura, ka ɗaga tayar gaba ka sake ta ta bugi ƙasa sau uku. In fitilar ta canza inda take kallo, a titi ma haka za ta yi.

Na ruwa kuwa ka nemi lambar IP. IPX4 na jure fantsama, ya ishi ruwan sama na yau da kullum. IPX6 na jure feshi mai ƙarfi. IPX7 an gwada shi a nutse cikin ruwa mita ɗaya na minti 30. Danja ta fi shan wahala saboda tayar baya ita take watsa wa laka, musamman keken da ba madigadi. Ka duba 'yar robar da ke toshe bakin caji, tana zama daram ko tana reto. Ta nan ruwa ke shiga.

Mataki na 6: Mai ƙiftawa ko tsayayya

Wuta mai ƙiftawa ta fi jan ido kuma ta fi tattalin batir. Aibinta shi ne da daddare direba na shan wahalar gane nisanka da gudunka, domin tsakanin ƙiftawa da ƙiftawa ka ɓace, ka sake ɓullowa a wani wurin. Tsayayya ta fi nuna inda kake. Abin da nake yi: da dare, gaba tsayayya kullum, baya ɗaya tsayayya, ta biyu tana ƙiftawa a hankali. In ɗaya ce gare ka, ka nemi yanayin da haske ke kumbura yana sacewa ba tare da ya mutu ɗungum ba. Mai walƙiya da sauri kamar ta gidan rawa, bar ta, tana gigita na bayanka.

Doka ta bambanta a nan. Birtaniya ta halatta mai ƙiftawa tun 2005, da sharaɗin ta ƙifta sau 60 zuwa 240 a minti. Jamus da Holan kuwa sun hana ta a jikin keke.

Da rana fa? Kunna. A birnin Odense na ƙasar Denmak an yi gwaji da masu keke kusan 4,000 tsakanin 2004 da 2005, aka sa wa wasu fitilar da ba ta mutuwa dare da rana, aka bar wasu haka. Haɗarin da ke jawo rauni ya ragu da kashi 19 cikin 100 a wajen masu fitilar. Da rana ƙiftawa ce ke aiki, kuma tana son ƙarfi, don tana gasa da hasken rana. Lokacin da ya fi kowanne sharri shi ne gab da faɗuwar rana da fitowarta, da ranar hazo, sa'ad da kai kake ganin gari da sauran haske, direba kuwa rana na cikin idonsa.

Mataki na 7: Abin da ba ya cin batir

Kayan da ke mayar da haske, wato rifilakta, ba sa maye gurbin fitila, tunda sai hasken mota ya faɗa kansu suke aiki, motar da ke fitowa daga lungu kuwa fitilarta ba kai take kallo ba. Amma ba sa mutuwa, kuma akwai inda suka fi fitila. Tun shekarun 1970 wani masani ɗan Suwidin, Gunnar Johansson, ya nuna cewa in aka maƙala ɗigon haske a gaɓoɓin mutum a cikin duhu, da ya motsa mai kallo zai gane mutum ne. Shi ya sa ɗan ƙyallen ƙyalli a idon sawu, yana hawa yana sauka da feda, yake gaya wa direba "keke ne" kafin riga mai ƙyalli ta gaya masa. Ka bar rawayen rifilaktan da ke jikin feda, kada ka cire. Ka ƙara na sifoki ko taya mai farin layi a gefe, don a gan ka in kana tsallaka titi.

Mataki na 8: Ƙararrawa daban, hon daban

Ƙararrawa ta mutane ce, hon na mota ne. Wanda ya haɗa su aiki ɗaya zai yi ta tsorata masu tafiya a ƙasa, ko ya yi ta kaɗa wa tirela abin da ko yaron motar bai ji ba.

Wajen ƙararrawa, ka nemi ta tagulla. Amonta ya fi na alminiyam tsawo da zurfi, yana ci gaba da rawa a iska bayan bugu ɗaya. Ka gwada a shagon, ka ƙirga daƙiƙa nawa amon ke yi kafin ya mutu. Mai ɗan guduma a waje bugu ɗaya take yi mai tsabta. Mai kiring-kiring ta gargajiya kuwa kowa ya ji ta ya san keke ne ba sai ya waiwaya ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai siririyar murya sosai tana wuce kunnen tsofaffi, domin sauti mai tsini shi ne farkon abin da kunne ke rasawa da shekaru. Ka kuma sani ruwan sama in ya kwanta a kan ƙoƙon yana kashe amon, haka ma in wayar birki ko jaka na taɓa shi.

Shi hon, wanda wasu ke kira oda, ana auna shi da desibel, ana rubutawa dB. Lissafinsa ba irin na kasuwa ba ne: ƙarin 10 kunne na jin sa kamar ninki biyu, kuma a fili duk ninka nisa sau biyu yana zubar da 6. Hon da ke ba da 115 a mita ɗaya ya koma 97 a mita 8, ya koma 91 a mita 16, sannan ya tarar da gilashi a rufe da kiɗa a ciki. Shi ya sa ƙaramin hon na roba mai fit-fit wasan yara ne a babban titi. Kuma in kwali ya ba ka lamba bai faɗi daga wane nisa aka auna ba, bai gaya maka komai ba.

Iri biyu ne masu ƙarfi. Na iska, irin AirZound, gora ce da kake cikawa da famfon keke, ba batir, ƙararsa kamar ta babbar mota, amma bayan wasu 'yan busa sai ka sake bugawa. Na lantarki ƙarami ne kuma yana daɗewa, sai dai da yawansu tsuwwa suke yi kamar ƙararrawar ɓarayi, direba ya yi ta waige yana neman abin da ke kuka. Wanda muryarsa ta yi kama da hon ɗin mota ya fi, domin ƙafar direba ta saba da wannan sautin, tana zuwa birki kafin ya yi tunani. Ka tuna kuma kai ne mafi kusa da shi: ka juya bakinsa gaba, kada ka gwada shi a ɗaki, kada ka danna shi a ƙeyar mai tafiya ko kusa da dabba. Mutumin da aka firgita ba ka san ɓangaren da zai yi tsalle ba. Wasu ƙasashen, kamar Jamus, ƙararrawa kaɗai suka yarda da ita a keke, don haka ka bincika kafin ka kashe kuɗi.

Ga abin da na fi so ka riƙe a wannan matakin. In hatsari ya taso kana da daƙiƙa ɗaya, ta birki ce. Hon na gargaɗin abin da ka hango ne tun da nisa: motar da ke turo hanci daga lungu, wadda ke ja da baya, ƙofar da ke shirin buɗewa. Kuma babu hon ɗin da zai fitar da kai daga gefen babbar mota mai shirin karya kwana. Direban ba ya ganinka a wurin ko da fitila goma. Ka tsaya a bayanta.

Mataki na 9: Ɗaurawa da saiti

Ƙararrawa da maɓallin hon su zauna inda babban yatsa zai kai ba tare da hannu ya bar mariƙi ko sauran yatsu sun bar birki ba. In sai ka saki hannu kafin ka kaɗa, ka sake wuri. Ya fi kyau su kasance a ɓangaren birkin baya, hannun birkin gaba ya zauna da aikinsa.

Fitilar gaba ta zauna a tsakiyar kai ko a saman cokalin gaba, inda kwando ko wayoyi ba za su tare ta ba. Saitinta da bango ake yi. Ka tsayar da keken mita 5 daga bango a wuri mai lebur, ka auna tsayin fitilar daga ƙasa, ka yi alama a bangon a rabin wannan tsayin. Tsakiyar hasken ta sauka a kan alamar. Tsohuwar ƙa'idar Jamus ce, ma'anarta hasken zai taɓa kwalta a wajen mita 10 gabanka. In mai yankakken kai ce, layin saman ya zauna ƙasa da tsayin fitilar kaɗan. Fitilar kan hular kwano ƙari ce mai kyau don tana bin inda ka kalla, amma duk wanda ka kalla ka dalle shi, don haka ta zama mai rauni, kuma kada ta zama ita kaɗai.

Danja ta kalli baya sak, a miƙe. Sandar sirdi a karkace take, in ka ɗaura ba ka gyara ba, taya za ta yi ta haskawa. Sannan ka hau keken da kayan da ka saba hawa da su. Sau da yawa na sha bin bayan mutum da danjarsa mai kyau tana ci, amma gefen rigarsa ya sauko ya lulluɓe ta, ko jakar da ya ɗaure a kariya ta zauna a gabanta, sai ɗan ja-ja kake gani ta cikin yadi. In kana ɗaukar kaya, mayar da ita ƙarshen kariya. Ta jikin jakar goyo kuwa, da ka sunkuya sama take kallo.

Saura gwajin da ya fi duk abin da ke jikin kwali. Da daddare ka ba wani keken ya hau, kai kuma ka tsaya a bakin hanya, ka ɗan rusuna daidai tsayin mazaunin direba, in ma da motar da za ka zauna a ciki ya fi. Ya yi nisan taku ɗari ya taho, ka ga ko sai ka kare ido. Ya wuce ka, ka ga daga ina danjar ta fara ɓacewa cikin sauran fitilu. Ya gitta ta gabanka, ka ga ko akwai abin da ke nuna shi daga gefe. Ya kaɗa ƙararrawa daga taku ashirin kana juya masa baya, sannan ya danna hon gilashi na rufe. Abin da ka ga ya gaza, shi za ka koma ka gyara, galibi kuma juya maɗauri ne kaɗan ko matsar da jaka.

Daga nan sai kiyayewa. Ka tsayar da ranar caji, ko ka riƙa haɗa su da wayarka duk dare. Ka goge fuskar fitilun da ƙyalle, laka na cin haske fiye da yadda ake zato. Kada ka bar mai batirin litiyam a kan keke cikin zafin rana yini guda, in kuma za ka ajiye ta na watanni, ka bar ta da rabin caji. Ka jefa ƙaramar danja ta ko-ta-kwana a jaka. Kafin ka ɗaga ƙafa kowane dare, ka kai tafin hannu bayan sirdi ka ga ya yi ja.